A bar wa tsohuwar Fijo pon ɗinta

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Najeriya ta janye tallafin man fetur, esansin ruwa-ruwa mai araha ya ja baya a bakin titunanmu. Gwamnatin Nijar ta rage kuɗin lita daga sefa 540 zuwa 499 a Yulin 2024, amma har yanzu ba wanda ya manta dogayen layukan gidajen mai na watan Maris na 2025. Shi ya sa duk mai tsohuwar mota a Yamai ya koma neman dabarar rage mata sha. Dabarar da ta fi yawo a majalisun shayi na Zongo ita ce wai a canza pon, a sa mai tsawon ƙafa, mota ta rage kuka a kan gudro, ta rage shan mai. Ni kuwa ina cewa wannan muguwar shawara ce, kuma abin kunya ne a ce malaman makaranta na cikin masu yaɗa ta.

Motar da aka fi yi wa wannan aika-aika ita ce Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. Ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN ya fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, ya yi kusan shekara talatin yana yi. Da yawa daga cikin waɗanda suka rage a hannun mutane gado ne ko kuma sayen ɗan albashi. Ita ke kai yara makaranta, ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke ɗaukar iyali zuwa gida lokacin hutu. Galibinsu giya huɗu gare su. In ka hau hanyar Dosso ka taka ta, injin sai ya riƙa ruri kamar yana neman giya ta biyar da babu. Wannan koke gaskiya ne. Maganin da ake ba shi ne ƙarya.

Bari mu yi lissafin, don bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba. Juyin inji yana bi ta wurare biyu kafin ya kai taya. Na farko akwatin giya, wanda bakanikenmu ke kira bwat. Na biyu pon, wato tulun nan mai haƙora da ke tsakanin tayoyin baya. Mu ƙaddara, don sauƙin lissafi, pon yana buƙatar juyi 4 kafin taya ta juya sau 1. A giya ta huɗu akwatin ba ya ƙara komai ba ya rage komai. Taya tana cin kusan mita 2 a kowane juyi, to a gudun kilomita 100 a awa tana juyawa kusan sau 833 a minti, injin kuma sau 3,333. Rurin da ake ji ke nan.

Hanya biyu ake bi a sauko da shi. Ko a sa akwati mai giya biyar, wanda ta biyar ɗinsa ke mayar da 4 ɗin nan kamar 3.2, ko a cire pon a sa wani mai 3.2. Kowace aka bi, injin zai sauko wajen juyi 2,667 a minti. A nan masu shawarar canza pon ke tsayawa, su ce tunda sakamako ɗaya ne, a ɗauki mai araha. To sakamakon ba ɗaya ba ne. Giya ta biyar ƙari ce: huɗun farko suna nan yadda aka ƙera su, sai ka ga dama ka shiga ta biyar. Shi kuwa pon, duk giyar da ka sa sai ta bi ta kansa, har ta baya. In giya ta ɗaya tana ninka juyi sau 3.5, da tsohon pon ƙarfin tashi 14 ne, da sabon ya koma 11.2. Kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da mota ke tashi da shi ya tafi, kuma ba maɓallin da za ka danna ya dawo.

Yanzu a gaya mini, a ina Fijon malamin makaranta ke kwana tana wuni? A cunkoson bakin Babbar Kasuwa, a layin hawa gadar Kennedy da safe, a lungunan unguwa masu rairayi da ke zama taɓo a watan Agusta. Tashi da tsayawa ne aikinta, cike da yara da buhun shinkafa, a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. Motar da aka rage wa ƙarfin tashi dole mai tuƙa ta ya riƙa riƙe kuloci rabi yana ƙara wuta. Kuloci ya ƙone, injin ya yi zafi, man da aka ce za a rage ya tafi a giya ta biyu da ta uku, tunda ta huɗu ta yi mata nauyi a cikin gari. Su kansu maƙeran ba su sa pon iri ɗaya a salon da fikof ba. Mai ɗaukar kaya suka ba mai ƙarfi, don sun san aikin da za ta yi.

Asarar kuɗi ma da sauƙi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne agogon gudu. A waɗannan motoci wayar agogon daga akwatin giya take ɗauko juyi, ba ta san an canza pon ba. Da lissafinmu na sama, in allura ta nuna 80, motar 100 take yi. In ta nuna 40 a gaban makaranta, 50 take yi. Tazarar da birki ke buƙata kuwa ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninki take yi: 40 sau 40 ya ba da 1,600, amma 50 sau 50 ya ba da 2,500. Wato fiye da rabi ya ƙaru a kan tazarar tsayawa, da birkin motar da ta haura shekara talatin. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar makaranta lokacin tashi ya san yadda yara ke tsallaka titi. Masu sa manyan tayoyi don cim ma wannan buri su ma ƙaryar da agogonsu ke yi musu ke nan, ko da ba ta kai wannan girma ba.

Za a ce mini ai Turawa ma suna canza pon a tsofaffin motocinsu. Gaskiya ne. Amma Baturen da ke ajiye motar 1970 don sha'awa, ran Lahadi yake fito da ita, shi da matarsa, a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Kuma ko a can, kamfanin Laycock na birnin Sheffield a Ingila ya shahara ne da ƙera ƙarin giyar gudu da ake ɗaura wa motocin MG da Triumph da Volvo a bayan akwati, don a sauko da juyin inji ba tare da an taɓa ƙananan giyoyi ba.

Za a kuma ce akwati mai giya biyar, irin na Peugeot 505, ya fi tsada, yana da wuyar samu, kuma sai an daidaita sandar da ke kai juyi baya. Duk na yarda. Shi ya sa nake da amsa ta uku, wadda ba a son ji: yawancinmu ba ma buƙatar ko ɗaya. Daga Yamai zuwa Maraɗi wajen kilomita 660 ne. Mu ƙaddara giya ta biyar tana rage lita 1 a kowane kilomita 100. Lita shida da rabi ke nan, kuɗin jika uku da ƴan kai. Malamin da ke zuwa gida sau biyu a shekara, zuwa da dawowa, bai tara jika goma sha huɗu ba. Shekara nawa zai yi kafin ya mayar da kuɗin akwatin? Wanda sana'arsa ke kan hanyar Ƙonni da Damagaram kowane mako, shi ya nemi giya ta biyar, a wurin bakaniken da ya taɓa yin aikin. Sauranmu mu gyara kabireta, mu canza filogi da matatar iska, mu duba iskar taya, mu yi tafiya a 85. Injin zai yi shiru da kansa.

Ban ga laifin bakanike sosai ba. Abin da ka roƙa zai yi maka, kuma da yawansu sun fi mu sanin ƙarfe. Laifin namu ne, mu da muke rubuta darasin rabo da ninki a allo da safe, da yamma mu miƙa makullin motar da ƴaƴanmu ke shiga ba tare da mun tambayi lamba ko ɗaya ba. Sannan mu yi mamakin ɗalibin da ke tambaya ina amfanin lissafi. Amfaninsa ga shi nan a ƙarƙashin motar da ke ƙofar gida. Malamai, ku kai wa ƴan ajinku wannan misali su warware da kansu. Iyaye, in an ce muku a canza pon, ku nemi a ƙirga muku haƙoran tsohon da na sabon, a raba babban da ƙaramin a gabanku, a kuma gaya muku nawa agogo zai riƙa ɓoyewa. In ba a iya amsawa ba, ku ɗauki motarku ku tafi. Araha ba ta ado, a nan kuwa har rai tana iya ci.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare mana zuri'a.