Ƙarin Jini a Cikin Ƙashi: A Nisanta Shi da Aska

Mai karatu, idan wani tudu mai tauri ya fito a kan ɗanka ko matarka, yana girma a hankali ba zafi ba ruwa, kada ka yi gaggawar kiran wanzami.

Akwai wani ƙari da likitoci ke kira hemanjiyoma, wato tarin ƙananan jijiyoyin jini da suka cukurkuɗe a cikin ƙashi. Ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa zuwa sauran jiki. Ya fi zama a ƙashin baya da ƙoƙon kai, kuma ya fi samun mata. Na ƙashin baya yakan kwanta shiru har tsufa. Sau da yawa hoton wata larura daban ne ke nuna shi. Kaɗan ne ke ta da hankali, wani lokaci a watannin ƙarshe na goyon ciki.

Haɗarinsa yana cikin jinin da ya tara. Wanda ya tsaga shi da aska a zaure zai iya buɗe jinin da tsumma da toka ba za su tsayar ba. Ko a asibiti, likitoci kan toshe jijiyoyin da ke shayar da shi kafin su yi tiyata.

Mutanen Birnin Gwari da ƙauyukan gefen dajin Kamuku sun san wahalar hanyar Kaduna, sun san shekarun da 'yan bindiga suka mai da tafiya asibiti kasada. Wannan ne ya sa wanzami da maɗori suka fi kusa da hannu. Amma sauƙin samu ba ya rage zubar jini.

Ka fara da babban asibitin gari, a duba, a ɗauki hoton ƙashi. Idan ana bukatar hoton CT ko MRI, nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Idan likita ya ce a zuba masa ido kawai, ka yarda, kada ka sayar da gona kan neman tiyata. Amma ciwon baya mai tsanani, da mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, alamar an danne laka ce. Wannan ba ya jiran ranar kasuwa. A kama hanya a ranar.