Takardar Turai Ba Ta Bin Tayar Gwanjo

Malam, ka rubuta cewa mu kwaikwayi Tarayyar Turai, wadda tun 2012 take liƙa wa taya takardar shan mai, riƙon jiƙaƙƙiyar kwalta da ƙara. To, sabuwar taya ake liƙa wa. Direban da ke ɗauko masara daga Tabanni gwanjo yake saye, sabuwa ta fi ƙarfin aljihunsa. Ƙarar taya ce damuwarsa a hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari? Haba! Tsoronsa kada ta fashe a tsakiyar daji, inda tsayawar kanta haɗari ce. Lambobi huɗun da ke gefen taya, makon ƙira da shekara, ai suna nan. A koya wa masu faci karanta su, kwastan kuma su tare gwanjon da doka ta riga ta hana shigowa da shi.