Fim Ba Kotu Ba Ne: Tambayoyin da Brokeback Mountain Ya Bari a Buɗe

Brokeback Mountain fim ne na Amurka da ya fito a 2005. Ang Lee ne ya ba da umarni, an kuma gina shi a kan gajeren labarin Annie Proulx da mujallar The New Yorker ta buga a 1997. Labari ne na samari biyu, Ennis Del Mar da Jack Twist, waɗanda aka ɗauka hayar kiwon tumaki a kan wani dutse a jihar Wyoming a 1963. Soyayya ta shiga tsakaninsu, kowa ya sauko ya yi aure ya haihu, suka ci gaba da haɗuwa a ɓoye har kusan shekara 20. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar uku, ciki har da ta gwarzon darakta.

Matsayin addini da na doka a kan luwaɗi a Nijeriya sananne ne. Jigawa na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, kuma dokar hana auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14. Gardamar da ke nan ta dabam ce, ta shafi ma'aunin da ake auna fim da shi. A majalisun 'yan kallo, daga Kano har Gumel da Gagarawa, fim mai kyau shi ne wanda ya faɗakar, mugu ya ga sakayya, aka warware kowane ƙulli kafin a tashi. Wanda ya bar tambaya sai a ce bai ƙare ba, ko a zauna jiran na biyu. Wannan ma'auni gurgu ne, kuma wannan fim ya isa shaida a kan gurguntakarsa.

A fara da dalilan Ennis, wanda Heath Ledger ya fito a matsayinsa. Maraya ne, iyayensa sun mutu a haɗarin mota, karatunsa ya tsaya, bai taɓa mallakar komai ba sai ƙarfin jikinsa. Ana kiran fim ɗin na kaboyi, amma babu jarumi mai harbi da bindiga biyu a cikinsa. Duk wanda ya san makiyayin haya a ƙasar Gagarawa, ko ya ga yaran fatake a kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, ya san irin mutanen nan: dukiyar ta wani ce, rana da sanyi nasu ne, kuma mai dabbobi zai ƙirga kayansa in an dawo. Ennis yana ɗan shekara tara mahaifinsa ya kai shi ya ga gawar wani dattijo mai suna Earl, wanda aka yi wa kisan gilla saboda zamansa da wani namiji, kuma Ennis na zargin da hannun mahaifin nasa a ciki. Don haka da Jack ya ce su kafa gonar kiwo su zauna tare, Ennis ya ƙi. Tsoro ne ya hana shi, ko talauci da kuɗin ciyar da 'ya'yansa mata biyu, ko ƙyamar kansa da yake ji? Fim ɗin ya ajiye ukun duka a gaban mai kallo, bai fifita ɗaya ba.

Jack, wanda Jake Gyllenhaal ya fito a matsayinsa, ya fi wuyar karantawa. Ya auri Lureen, 'yar wani attajiri mai sayar da injinan noma a Texas, kuma babu inda aka tabbatar ko so ne ya kai shi ko neman mafaka. Ya tsallaka Meziko neman maza, ya kuma ƙulla wata alaƙa da maƙwabcinsa. Mai neman masoyi tsarkakakke ba zai same shi a jikin Jack ba, haka ma mai neman tantirin mugu.

Babbar tambayar ita ce mutuwarsa. Ennis ya aika masa kati, katin ya dawo da hatimin cewa mai shi ya rasu. A waya Lureen ta ce tayar mota ce ta fashe ta buge shi a fuska. Tana cikin magana sai aka nuno wasu mutane suna dukan Jack da ƙarfe har lahira. Abin da ya faru ke nan, ko tsoron yarinta ne ya zana wa Ennis hoton? Muryar Lureen a bushe take, kamar mai karanta abin da ta haddace, amma wannan bai isa hujja ba. Da an yanke cewa kashe shi aka yi, da Ennis ya zama mai gaskiya a duk ƙin da ya yi. Da an yanke cewa haɗari ne, da ya zama wanda ya ɓata shekara 20 don gudun inuwa. Barin tambayar a buɗe ya ajiye mai kallo daidai inda Ennis yake, cikin rashin sanin ko tsoronsa ya cece shi ne ko ya cinye shi.

Masu yabon fim ɗin a Turai da Amurka su ma suna da tasu makantar, domin sun ɗauke shi labarin masoya biyu da duniya ta zalunta kawai. Wannan karatu ya tsallake Alma, matar Ennis. Da idonta ta ga mijinta da Jack a ƙasan matakalar gidansu, ta haɗiye abin shekara da shekaru, har ta maƙala wasiƙa a jikin ƙugiyar kamun kifinsa ta tarar ba ta taɓa shiga ruwa ba. Me ya hana ta magana sai bayan an rabu? Me Lureen ta sani? Me ya sa mahaifiyar Jack ta bar Ennis ya tafi da riguna biyun da ɗanta ya ɓoye a ɗakinsa, alhali mahaifin ya hana a kai tokar gawar kan dutsen? Fim ɗin ya nuna cutarwar da aka yi wa matan nan ba tare da ya wanke mazajensu ba.

Masu kare faɗakarwa za su ce labarin da bai yanke hukunci ba yana barin matasa cikin ruɗani. Amsar tana cikin adabin Hausa kansa. Akwai tatsuniyoyin da ake rufewa da tambaya, a ce cikin mutum uku wa ya fi jarumta, ko wa ya cancanci auren yarinyar, a bar masu sauraro su yi ta musu. Gizo ma ba kullum yake ganin sakayyar wayonsa ba. Kakanni sun yarda yaro zai iya auna magana da hankalinsa. Fim ɗin da ke tauna wa mai kallo komai ya raina shi fiye da yadda tatsuniya ta raina yaro.

Illar wannan ma'auni a bayyane take a yawancin fina-finan Kannywood. Kishiya mai asiri dole ta haukace, azzalumin attajiri dole ya tsiyace, sannan a kawo malami ko dattijo ya karanta darasin. Mai kallo ya san a garinsu akwai azzalumin da ya mutu da dukiyarsa, akwai matar da ta yi shiru har kabari ba wanda ya san dalili. Marubucin fim na Hausa ba ya bukatar aron jigon Brokeback Mountain, yana da auren dole, rikicin gado da ɓoyayyun sirrin gidaje. Abin da yake bukata shi ne ya ba kowane mutum a labarinsa dalili fiye da ɗaya, ya kuma bar wa mai kallo rabonsa na aikin tunani.