Motar yayana ta yi wata biyar ƙarƙashin bedi

Ƴan uwa matasa, yau maganar mota zan yi, amma kada ku ɗauka zancen masu hali ne.

Yayana ya yi shekara tara yana aiki a Kano. Da ya tashi dawowa Maraɗi da iyalinsa, duk abin da ya tara bai wuce tsohuwar Corolla ɗinsa ba. Ya biyo ta Jibiya, ya shigo ta Ɗan Isa, aka ba shi lesefase, wato takardar da ke ba mota mai lambar waje izinin yawo na ɗan lokaci. Da wa'adinta ya cika, sai motar ta koma ƙarƙashin bedin ƙofar gidanmu. Wata biyar ke nan, awaki ne kawai ke morar inuwarta.

Ba ƙin biyan duwan ya yi ba. Tambaya ɗaya yake yi: nawa ne? Ni na raka shi. Ɗan kamasho na farko ya faɗi kuɗinsa. Na biyu ya ɗora jika ɗari biyu a kai. Na uku ya ce mu kawo rabi kawai, shi ya san hanya, amma kada mu tambaye shi kitansi. Mota ɗaya, lambar shasi ɗaya, farashi uku! Ni da na yi jami'a ma kaina ya ɗaure, ina ga wanda bai taɓa shiga aji ba?

Alhali in aka bi abin daki-daki, ba wani tsafi ba ne. Kafin ka baro ƙasar da kake, ka haɗa takardun motar na asali da sunanka, da takardar saye, ka duba lambar shasi ta yi daidai da wadda ke rubuce. Ka je ofishin jakadancinmu, kamar ƙaramin ofishin da ke Kano, ka nemi takardar canjin mazauni, wadda ke nuna ƙaura ka yi, ba fatauci ba. In ka iso, duwan za ta ƙiyasta darajar motar bisa irinta da shekarunta, a lissafa haraji, har da TVA na kashi 19 cikin ɗari. Sai an gama wannan ake zancen kart giriz da lambar Nijar, da asiransi, da bizit, da binyet.

Biyan haraji ba zalunci ba ne. Ƙasar da ba ta da teku, kuɗin duwan na cikin abin da ke riƙe da baitulmalinta. Abin da nake ƙi shi ne duhu, don cikin duhu ne kura ke cin kasuwarta. Kuma ku tuna: da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023, motocin da a da ke zuwa daga Kwatano sai suka koma zagayowa ta Lome da Burkina. Yau wanda ya dawo gida da motarsa, da jarinsa ya dawo. Ita ce taksin da zai ci abinci da ita, ita ce za ta kai mai naƙuda likita da tsakar dare.

Don haka abu uku muke roƙo. A liƙa jerin takardu da yadda ake lissafin kuɗi a bakin kowace iyaka, daga Ƙonni zuwa Ɗan Isa har Magarya. A rubuta shi da Hausa, tunda a 2025 an ɗaga ta zuwa harshen ƙasa. Sannan a buɗe hanyar da mutum zai san abin da zai biya tun bai taso ba.

Mu ma da namu laifin, gaskiya. Muna son hanyar yanke, muna jin kunyar cewa a ba mu kitansi. To wallahi duk dalar da ka miƙa ba takarda, ba ƙasa ka ba ba, wani ka ba. Kuma ranar da aka tare ka a hanya, mai cewa ya san hanya wayarsa a kashe take.

Jiya yayana ya sake ɗaukar takardunsa, ya ce wannan karon da ƙafarsa zai shiga biro, ba ɗan aike. Zan raka shi. Allah ya sa mu dace.