Ƙasa Ba Kanti Ba Ce, Mulki Kuma Ba Wa'azi Ba Ne

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan'uwana ɗalibai, har ma da wasu daga cikin malamanmu, duk lokacin da aka zauna hirar mulki. Sai ka ji an ce ai maganin ɓarnar 'yan siyasa shi ne a damƙa ƙasa a hannun attajiri, domin wanda ya iya juya kwabo ya zama sule zai iya juya ƙasa, kuma wanda ya ƙoshi ba zai yi sata ba. Wani kuma ya ce a'a, a nemo mai wa'azi, domin mai tsoron Allah ba zai ci amana ba. In kuwa aka sami mutum guda da ya haɗa biyun, sai a ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ni dai ban yarda da wannan ra'ayi ba ko kaɗan, kuma don kada a ce son raina nake faɗa, zan kawo wa mai karatu labarin wani mutumin Amurka da ya haɗa kasuwa da mumbari, ya kuma nemi mulki har sau uku, watau marigayi Herman Cain.

Bari mu fara da ba shi haƙƙinsa. An haifi Herman Cain a shekarar 1945 a garin Memfis, ya tashi a Atlanta ta Jihar Jojiya, a zamanin da doka ta raba baƙar fata da farar fata a makaranta da mota da wurin shan ruwa. Mahaifiyarsa aikatau take yi a gidajen mutane, mahaifinsa kuwa ya yi aski, ya yi shara, ya kuma yi direban shugaban kamfanin Coca-Cola. Daga wannan gida yaron ya fito ya sami digiri a fannin lissafi a Kwalejin Morehouse a 1967, ya ƙara da digiri na biyu a ilmin kwamfuta a Jami'ar Purdue a 1971. Ya yi aiki da Coca-Cola, ya koma kamfanin Pillsbury, inda aka ba shi kula da gidajen abinci na Burger King wajen 400 a yankin Filadelfiya. A 1986 aka naɗa shi shugaban Godfather's Pizza, kamfanin da ke sayar da wani irin gurasa mai faɗi da ake gasawa da cuku da tumatir da nama, wanda a lokacin yake tangal-tangal. A 1988 shi da abokansa suka saye kamfanin. Ban da wannan, ya shugabanci hukumar daraktocin reshen babban bankin Amurka na birnin Kansas, kuma yana cikin mataimakan limamin majami'ar Antioch Baptist da ke Atlanta, mai murya ce da shi ta wa'azi da ta waƙar yabon Ubangiji. Duk wanda ya ce wannan ba ƙoƙari ba ne, to hassada ce ke cinsa.

To amma, jama'a, ta yaya ya farfaɗo da kamfanin nan? Ya rufe rassa kimanin 200 waɗanda ba su kawo riba, mutane da yawa suka rasa aikinsu, sannan littafin ciniki ya gyaru. A ka'idar kasuwa bai yi laifi ba, abin da aka ɗauke shi ya yi ke nan. Sai dai ina son masu cewa a riƙe ƙasa kamar kanti su amsa mini tambaya guda. Wane gari ne shugaban ƙasa zai rufe don ba ya kawo riba? Tsofaffi da marasa lafiya da yara ƙanana da waɗanda fari ya cinye gonakinsu, a wane shafi na littafin ciniki za a rubuta su? Mai kanti yana zaɓen wanda zai ɗauka aiki, yana sallamar wanda ya ga dama. Shugaba kuwa ba shi da ikon sallamar ko da mutum ɗaya daga zama ɗan ƙasa, hasali ma wanda ba ya kawo riba shi ne ya fi bukatarsa.

Ba sai mun yi hasashe ba game da ɓangaren da irin wannan mutum zai tsaya in maslahar mai gida ta yi karo da ta yaron gida. Abin da ya fara fito da sunan Cain a siyasa shi ne wani taro da aka nuna a talabijin a 1994, inda ya ƙalubalanci Shugaba Bill Clinton a kan shirinsa na tilasta wa masu kamfanoni su biya wa ma'aikatansu kuɗin inshorar lafiya. Hujjarsa ita ce in aka tilasta masa, zai rage ma'aikata. Shirin ya mutu a wannan shekara. Daga 1996 zuwa 1999 kuma shi ne shugaban ƙungiyar masu gidajen abinci ta ƙasar, ƙungiyar da ta yi suna wajen yaƙi da ƙarin mafi ƙarancin albashi. Albarkacin irin wannan yaƙi, albashin da dokar tarayya ta yanka wa masu kai abinci tebur, waɗanda ake cewa ai suna samun tukwici, ya tsaya a dala 2.13 a awa tun daga 1991, aka shafe fiye da shekara 30 bai motsa ba. Wanda ya shekara uku yana wakiltar masu gida a gaban majalisa, da wuya ya wayi gari ya zama lauyan barori.

Yanzu mu dubi neman mulkin nasa. Ya taɓa gwada neman takarar shugaban ƙasa ta zaɓen 2000 a jam'iyyar Republican, ya janye tun tafiya ba ta yi nisa ba. A 2004 ya nemi jam'iyyar ta tsayar da shi sanata a Jojiya, ya zo na biyu da kusan kashi 26 cikin 100, Johnny Isakson ya kayar da shi. A watan Mayu na 2011 ya sake fitowa neman shugabancin ƙasar, ba tare da ya taɓa riƙe ko da kujerar kansila ba, kuma wannan rashin ne ya mayar abin ado, yana cewa shi ba ɗan siyasa ba ne, mai warware matsala ne. Jama'a suka ji daɗin maganar, har a watan Oktoba ya kai sahun gaba a ƙididdigar jin ra'ayin 'yan jam'iyyarsa.

Hajar da ya kasa a wannan kasuwa ita ce shirin haraji da ya raɗa wa suna 9-9-9, watau kashi 9 a kan abin da mutum ya samu, kashi 9 a kan kamfanoni, kashi 9 a kan duk abin da aka saya. Sunan yana da daɗin faɗi kamar tallar farashin gurasa, shi ya sa ya shiga kunne. Amma duk ɗalibin da ya iya lissafin firamare zai ga inda gizo ke saƙa. Talaka duk abin da ya samu a kasuwa yake ƙarewa, saboda haka za a yanke shi sau biyu, wajen samu da wajen saye. Attajiri kuwa kaɗan yake ci daga abin da ya samu, sauran ya adana ko ya juya, kuma ga shi an sauko masa da haraji daga kashi 35 zuwa kashi 9. Wata cibiyar nazarin haraji mai suna Tax Policy Center ta yi lissafi ta gano cewa gidaje 84 cikin 100 za su biya fiye da abin da suke biya. Da surutu ya yi yawa sai ya ce ai za a ɗauke wa matalauta tara guda, ya zama 9-0-9. Haka ake gyara farashi a kanti in masu saye sun yi ƙorafi, amma rayuwar miliyoyin mutane ba abin gwaji ba ce.

A cikin wannan wata na Oktoba ne kuma, lokacin da matasa ke zanga-zanga a kan manyan bankuna, ya ce duk wanda ba shi da aiki kuma ba shi da arziki, ya zargi kansa. Ya faɗi haka ne shekara uku bayan rugujewar bankuna ta 2008, lokacin da wajen mutum miliyan 14 ke neman aiki ba su samu ba. Wannan ita ce cutar wanda ya yi arziki da guminsa, sai ya ɗauka duk wanda bai yi ba rago ne. Ya manta cewa yana ɗalibi a Morehouse, makarantar da Martin Luther King ya yi, wasu suka sha kulki da ɗauri har aka kafa dokar 'yancin baƙar fata ta 1964, kuma shi da bakinsa ya ce bai shiga wannan gwagwarmaya ba. Ƙofar da ya bi ya shiga ofisoshin manyan kamfanoni, wasu ne suka ɓalle ta da kafaɗunsu.

Sai mu juya ga riga ta biyu, ta wa'azi. A watan Nuwamba na 2011 ya gaya wa wani taron matasan jam'iyyarsa a Atlanta cewa bayan doguwar addu'a Allah ne ya nuna masa ya tsaya takara, har ya kwatanta kansa da Annabi Musa wajen jin nauyin kiran. Ba ni da ikon shiga tsakanin bawa da Ubangijinsa. Abin da na sani shi ne mumbari wuri ne da mutum ɗaya ke magana sauran su ce amin, siyasa kuwa wuri ne da ake tsayar da mai magana a tambaye shi. Duk ɗan takarar da ya ce Allah ne ya aiko shi, ko ya sani ko bai sani ba, ya mayar da mai yi masa tambaya mai jayayya da Allah. Ga shi kuwa da aka yi tambayoyin, sai aka ga rumbun ba kome. Da aka yi masa zancen sanin shugabannin duniya, sai ya mayar da sunan ƙasar Uzbekistan abin ba'a, ya ce bai san shugabanta ba. Da editocin wata jarida a Milwaukee suka tambaye shi ra'ayinsa kan yadda Shugaba Obama ya tafiyar da rikicin Libiya, sai ya yi ta inda-inda yana laluben amsa a gaban kyamara, alhali yaƙin ya cika labarai wata da watanni. Fasahar baki ta kai shi bakin kogi, amma ba ta iya haye da shi ba.

Abin da ya fi wannan muni shi ne yadda ya yi da waɗanda ba addininsu ɗaya ba. A watan Maris na 2011 ya ce ba zai naɗa Musulmi a majalisar ministocinsa ko a kujerar alƙali ba, alhali tsarin mulkin Amurka ya hana a sa addini ya zama sharaɗin riƙe muƙami. A watan Yuli, game da wani masallaci da ake ginawa a garin Murfreesboro na Jihar Tenesi, ya ce jama'ar gari suna da ikon hana gina masallaci. Daga baya ya gana da shugabannin Musulmi a Jihar Bajiniya ya nemi gafara, kuma wannan abin a yaba ne. Kada wani ya ɗauka don abin ya taɓa Musulmi ne na kawo shi. Da malami ne ya hau mumbari ya ce in ya ci zaɓe ba Kiristan da zai riƙe muƙami, da hukuncina ɗaya ne. Mai wa'azi makiyayin garke guda ne, ya saba raba mutane gida biyu, namu da waɗanda ba namu ba, shugaba kuwa dole ya zama inuwar kowa.

Ƙarshen takarar bai yi kyau ba. A ƙarshen Oktoba wata jarida ta fallasa cewa mata biyu sun taɓa kai ƙararsa kan neman lalata lokacin da yake shugabancin ƙungiyar masu gidajen abinci, kuma ƙungiyar ta biya su kuɗi aka kashe maganar. Wasu matan suka biyo baya da nasu zargin. Ya musanta duka, kuma ba kotun da ta same shi da laifi, saboda haka ni ma ba zan yanke masa hukunci ba. Ranar 3 ga Disamba, 2011 ya dakatar da kamfen ɗinsa, tun ba a jefa ƙuri'a ko ɗaya ba. Abin lura a nan shi ne 'yan jarida ne suka tono maganar, kuma da an bi ra'ayin masu cewa rigar wa'azi ta isa shaida, da ba wanda zai ko tambaya. Ya rasu ranar 30 ga Yuli, 2020, sanadiyyar cutar korona, yana da shekara 74, bai taɓa cin zaɓe ba.

Na san wani zai ce to 'yan siyasar da suka ƙware ɗin me suka tsinana? Gaskiya ne, da yawansu ba su tsinana kome ba. Amma in likita ya yi sakaci, wani likitan ake nema, ba a kiran mahauci don ya iya riƙe wuƙa. Ban ce a hana ɗan kasuwa ko fasto ko malami tsayawa takara ba, 'yan ƙasa ne kamar kowa. Abin da nake cewa shi ne su tuɓe rigunan nan biyu a bakin zaure, su shigo a yi musu tambayar da ake yi wa kowa: wa zai biya harajinka, wa zai amfana, me ka yi wa waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinka, me ka sani game da maƙwabta, yaya za ka yi da wanda ba ya salla ko addu'a irin taka?

Mu ɗalibai, musamman mu masu nazarin harshe, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin bambancin magana mai daɗi da magana mai ma'ana. In muka bari aka saye mu da lambobi uku masu amo da murya mai zaƙi, to karatunmu bai amfane mu ba, balle ya amfani iyayenmu da ke jiran mu fassara musu abin da 'yan takara ke nufi. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda bai yarda da ni ba, ga fili ga mai doki, shafukan wannan mujalla a buɗe suke. Allah ya sa mu dace.