Kafin mai kyamara ya bar aikin biki ya koma sayar da hotuna a intanet

Yawancin matasan da ke cin abinci da kyamara a Abuja, Kaduna da Kano ba a makaranta suka koyi sana'ar ba. Da waya aka fara, a bikin 'yar uwa ko a hawan Sallah. Wani ya yaba, wani ya ce a zo a ɗaukar masa hoton suna, daga nan aka yi adashe aka sayi kyamara ta hannu. Cikin shekara biyu ko uku sha'awa ta zama sana'a, sai kuma gajiya ta biyo baya: tsayuwar dare a wurin dina, cinikin da ba ya ƙarewa da dangin ango, da cikon kuɗin da sai an yi ta bibiya. A daidai wannan gaɓa ne ake raɗa wa matashi cewa akwai rumbunan hotuna a intanet, irin su Shutterstock da Adobe Stock da iStock, inda zai zuba hotunansa ya kwanta, dala tana shigowa.

Maganar tana da tushe, sai dai ta tsufa. A shekarar 2000 aka kafa iStockphoto a Kanada, ya buɗe wa 'yan koyo ƙofar da a da ƙwararru kaɗai ke shiga, kuma a 2006 Getty Images ya saye shi a kan dala miliyan 50. Jon Oringer ya kafa Shutterstock a 2003 da hotuna kusan 30,000 da ya ɗauka da kansa. A wancan zamani hotunan da ke kasuwa kaɗan ne, masu nema da yawa. Yau kowane babban rumbu yana ɗauke da ɗaruruwan miliyoyin hotuna, kuma a watan Yunin 2020 Shutterstock ya sauya tsarin biyansa: mai hoto yana farawa da kashi 15 cikin 100 na kuɗin da aka sayar, yana iya hawa zuwa kashi 40 idan cinikinsa ya yi yawa, amma duk watan Janairu ana mayar da kowa matakin farko. Mafi ƙanƙantar abin da ake biya a kan hoto ɗaya senti 10 ne. Ma'ana, a wannan farashi sai an sauke hotunan mutum sau 1,000 kafin ya haɗa dala 100. Daga ciki kuma ana iya zare harajin Amurka a kan abin da aka sayar wa masu saye a can, domin babu yarjejeniyar sassaucin harajin kuɗin shiga tsakaninta da Najeriya. Biki ɗaya mai kyau ya fi wannan kawo kuɗi, kuma a hannu.

Ga kuma ƙirƙirarriyar basira, wadda ke zana hoton faɗuwar rana ko na ma'aikaci a gaban kwamfuta cikin daƙiƙu. Getty Images ya kai kamfanin Stability AI kotu a 2023 bisa zargin amfani da hotunansa ba da izini ba, sannan a Janairun 2025 Getty da Shutterstock suka sanar da shirin haɗewa. Manyan kasuwar da kansu sun ga inda iska ta dosa. Duk wanda ya sayar da babur ɗinsa domin ya shiga gasar ɗaukar furanni da gajimare ya shiga cinikin da aka riga aka tashi.

Duk da haka, kuskure ne a ce wa matashin ya yi watsi da rumbunan baki ɗaya. Abin da yake da shi, wanda mai kyamara a Landan ba shi da shi, shi ne wurin da yake tsaye. Wanda ya nemi hoton Arewacin Najeriya a waɗannan rumbuna zai tarar da dawakan hawan Daushe, da marinar Ƙofar Mata, da sansanonin 'yan gudun hijira, ana ta maimaita su. Da wuya ya ga likita mace sanye da hijabi tana duba mara lafiya, ko mai POS a bakin kasuwa, ko manomin rani yana ban ruwa da famfo mai aiki da hasken rana, ko iyali kawai suna cin tuwo a tsakar gida. Bankuna da kamfanonin sadarwa da masu buga littattafan makaranta suna buƙatar irin waɗannan, idan suka rasa sai su ɗauko hoton wata ƙasa su liƙa. Fati Abubakar, wadda ta karanci aikin jinya, ta fara ɗaukar rayuwar yau da kullum ta mutanen Maiduguri a 2015 a shirinta na Bits of Borno, a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga garin sai ɓaraguzai. Ba ta rumbun hotuna ta yi suna ba, amma abin da ya ja hankali gare ta shi ne ta nuna abin da baƙo ba zai gani ba.

A nan ne kuma ake gane wanda ya zama ƙwararre da wanda har yanzu yake wasa. Rumbunan sun raba hotuna gida biyu. Akwai na labarai, wanda jarida za ta iya bugawa amma ba a talla da shi. Akwai na kasuwanci, wanda ba a karɓarsa sai da takardar amincewa mai ɗauke da sa hannun duk wanda ake iya gane fuskarsa, idan yaro ne kuwa sai iyayensa ko waliyyinsa. Ɗan koyo yakan ɗauki takardar a matsayin cikas. To amma ya kamata ya tuna cewa da zarar hoto ya shiga rumbu, ba shi da iko a kan inda zai faɗa. Matar da ta yi murmushi a kasuwar Wuse tana iya wayar gari ta ga fuskarta a tallan maganin da ba ta taɓa sha ba, mijinta da danginta kuma ba za su nemi wani kamfani a New York ba, wanda ya riƙe kyamarar za su nema. Sa hannu a takardar Turanci da ba a fassara wa mutum ba yana iya gamsar da rumbu, amma bai zama yarda ba. Almajirai su ne suka fi shan wannan: an fi kowa ɗaukar su, an fi kowa rashin tambayar su, kuma iyayen da za su sa hannu suna can wani gari.

Shi ma mai hoton yana da nasa haƙƙin da ake takewa, kuma kafafen yaɗa labarai na gida ba su da bakin magana a nan. An saba a kwafi hoto daga Facebook ko Instagram a buga, a rubuta “hoto daga intanet”, kamar intanet ce ta tsaya a rana ta ɗauka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta kare hotuna, kuma ta ba mai aiki damar neman a sauke abin da aka ɗora a intanet ba da izininsa ba. Hoton da ke cikin rumbu yana da kwanan wata da sunan mai shi da farashi, don haka editan da ya ɗauka a ɓoye ba zai ce bai san inda zai biya ba.

Saboda haka matashin ya riƙe bikinsa da sunansa, su ne ke biyan haya. Rumbu kuwa ya ɗauke shi a matsayin makaranta mai ɗan alawus: can za a mayar masa da hoto saboda ya yi dishi-dishi ko tambarin wani kamfani ya fito a rigar mutum, can zai koyi rubuta bayanin hoto da kalmomin da mai saye zai nema. Ya kuma sa a fassara masa takardar amincewa zuwa Hausa, ya ajiye kwafe goma a jakar kyamara tare da batir.