Wa Ke Zaɓa Wa Baƙo Abin Da Zai Gani A Njamena?

Duk mai lura da masu yawon buɗe ido da ke sauka a filin jirgin sama na Hassan Djamous bayan ɗaukewar damina ya san cewa akasarinsu kwana ɗaya ko biyu suke yi a Njamena. Da sun kammala takardunsu sai su kama hanyar gandun dajin Zakouma, ko duwatsun Ennedi waɗanda hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2016. Babban birnin Chadi ya zama zango kawai. Abin tambaya a nan shi ne, wa ya gaya musu cewa babu abin gani a garinmu?

Baƙon yau tun yana gidansu yake tsara tafiyarsa a wayar salula, ta hanyar kamfanonin intanet irin su GetYourGuide na birnin Balin, da Viator wanda Tripadvisor ya saya a 2014. Waɗannan kamfanoni dillalai ne, ba su da mota ko kwalekwale a bakin kogin Shari. Hajar wasu suke bajewa, su yanki la'adar da kan kama daga kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Ke nan a yawon sefa dubu 50, dillalin da bai taɓa shan ƙurar garin nan ba zai iya tashi da dubu 10 zuwa 15.

To yaya suke zaɓe? Da farko mai haja ya nuna rajistar sana'a da asusun banki da za a zuba masa kuɗi, sau da yawa har da inshorar da za ta biya diyya idan baƙo ya ji rauni. Ya kawo hotuna masu kyau da bayani da Turanci ko Faransanci, da tsayayyen farashi, ya kuma amince baƙo na iya fasawa ana gobe tafiya a mayar masa da kuɗinsa. Bayan nan sai kwamfuta ta karɓi aiki, ta ɗora a sama wanda aka fi saye kuma aka fi yabo. Viator ma yana da tsarin da mai haja zai ƙara la'ada domin a ƙara fito da shi. Wanda ba a yaba ba ba a ganinsa, wanda ba a gani ba kuwa wa zai yaba masa? Kowa ya san a bakin ƙofa ake barin talaka a irin wannan layi.

A duba waɗanda ake bari a baya. Matan Gawi, ƙauyen Kotoko mai nisan kimanin kilomita 10 daga gari, waɗanda ke gina tukwane suna zane bangon gidaje kusa da tsohuwar fadar sarki da ta zama gidan tarihi. Masunta da suka san inda dorina ke fitowa a Shari. Matasan da za su iya zagayawa da baƙo Kasuwar Gero da Babbar Kasuwa, su fassara masa Larabci da Hausa. Da yawansu cinikin hannu da hannu suka sani, ko Airtel Money da Moov Money. Kada kuma a manta, daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 an toshe kafofin sada zumunta a ƙasar nan, wata 16 cur da 'yan kasuwarmu suka yi a duhu alhali na wasu ƙasashe suna tara abokan ciniki.

A gaskiya ba duk laifin ne na dillalai ba. Baƙon da gwamnatinsa ta gargaɗe shi game da zuwa Chadi yana da haƙƙin neman tabbaci kafin ya shiga jirgin ruwan wanda bai sani ba, kuma rigar kariya daga nutsewa ba ƙawa ba ce. Sharuɗɗan suna da ma'ana, sai dai sun fi ƙarfin mutum guda.

Don haka a ganinmu mafita ita ce haɗin kai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu rakiyar baƙi da masunta da matan Gawi su kafa ƙungiya mai rajista ɗaya, asusu ɗaya, inshora ɗaya, su ɗauki matashi mai ilimin kwamfuta ya riƙa amsa saƙonni a kan kari, a kuma rubuta rabon kowa tun kafin kuɗi su shigo, don kada a kori dillalin waje a naɗa na gida. Muna kira ga ma'aikatar yawon buɗe ido ta sauƙaƙa musu rajista, ta ba su horo da katin shaida. Manyan otal-otal su ajiye sunayensu a teburin karɓar baƙi, kamfanonin da ke kai mutane Zakouma su ƙara wa Njamena yini guda cikin jadawalinsu.

Idan muka yi sake, wasu can a Balin za su ci gaba da yanke wa baƙinmu abin da ya cancanci gani a gidanmu. Allah Ya ganar da mu.